Ranar da Motar Marigayi Ta Koyi Iyo

Na yi asarar mota guda, da labulen ɗakina, da ginshiƙin ƙofar gida, da babbar tukunyata, da takalmi ƙafa ɗaya. Na samu sitiyari, da kujerar gaba a jirgin fito, da darasin da ba a sayarwa a kasuwa: in ana karanta maka littafi, ka zauna sai an kai bangon baya.

Motar ta maigidana ce, Allah ya jiƙansa. Da ita yake rarraba burodi shago-shago shekara goma sha tara. Da ya rasu sai na sa aka turo ta tsakar gida, ƙarƙashin bishiya, nan ta yi shekara huɗu. Kowace Asabar mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, yakan zo, ya ƙwanƙwasa gefenta da maƙulli kamar mai duba kankana.

"Maman Auta, dubu sittin."

"Albarka."

"Tayoyin sun kwanta fa."

"Hutawa suke. Dubu ɗari biyu."

A shekara huɗu na ja shi har dubu tamanin, ni ko ban sauko da ko sisi ba. Ba kuɗin ba ne kawai. Har yau in rana ta yi zafi, cikin motar warin burodi yake yi da man gashinsa.

Mahaifiyata tana zaune ne a hayin tafki, kuma kowane dogon hutu mukan je mata ni da Auta. Ta titi wuni guda ne cur, ta ruwa rabin awa. Bana sai mai fito ya ƙara kuɗi. Na tsaya a bakin ruwa na taya, ya ce mini a gaban jama'a, "Maman Auta, jirgi ba tumatir ba ne." Aka yi dariya. Ni kuwa na ɗaga yatsa na ce ƙafata ba za ta sake taka jirginsa ba sai ya sauko. Muka juyo gida da kayanmu a ka.

Auta shekararta goma sha uku. 'Ya'yan mutane suna son lalle da wayar hannu, tawa taswira take so. Ta zana unguwarmu, ta zana hanyar makaranta, ta zana ɗakin girki har da inda nake ɓoye sukari. Tana da wani zare mai ƙulli-ƙulli da tsohon kwaɗon ƙofa a bakinsa, duk sanda muka hau jirgi sai ta zura shi ruwa ta rubuta zurfin a littafinta. Fasinjoji suna kallona da tausayi.

Da aka ba da hutu, malamarsu ta raba musu littattafai, kowa ya karanta nasa ya rubuto abin da ya fahimta. Na Auta labarin wani kafinta ne da ya mayar da amalankensa jirgin ruwa don ya ƙetare da iyalinsa. Babi goma ne. Kullum da la'asar takan zauna a inuwar motar ta karanta babi ɗaya da ƙarfi, ina tsintar shinkafa ina ji. Ni karatuna na lambobi ne. Haruffa in manya ne muna gaisawa, in ƙanana ne kowa ya kama gabansa. Amma ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaya.

Ranar babi na uku ne Injiniya ya shigo. Ƙanin marigayi ne. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, wata shuɗiyar rigar aiki ya saya a gwanjo, sunan ya biyo ta. Shi ne ya gyara mini fanka, tun daga ranar take zuƙe iska maimakon ta bayar. Hancinsa kuma ya san lokacin da ake sauke tukunya.

Ya tsaya da cokali a hannu yana saurare. Can sai ya ce, "Auta, koma baya. Amalanke kika ce?"

"Amalanke, Baffa."

"Ya hau ruwa?"

"Zai hau."

Ya ajiye cokalin, abin da ban taɓa gani ba. Ya zaga motar sau uku.

"Yaya, kin san matsalar makarantun yanzu? Ana ba yara ilimi suna ɗauka tatsuniya ce. Wannan littafi umarnin aiki ne aka ɓoye shi cikin labari. Kafinta ma ya yi, balle ni? Kwana bakwai, in sa motar nan ta ƙetare tafki da ku a ciki."

"Ka ci abincinka," na ce.

"Ki yi tunani. Ki wuce ta gaban mai fito a motar mijinki, a kan ruwa, kina ɗaga masa hannu. Sannan mai gwangwan ya zo ya tarar ba mota zai taya ba, mota da jirgi ne. Abu biyu, kuɗi biyu."

Ba zan yi ƙarya ba, a nan ya same ni. Na ga fuskar mai fito a raina, na ƙara wa Injiniya nama.

Babi na huɗu ya ce kafinta ya toshe duk wata kafa da kwalta. Injiniya ya dafa kwalta a babbar tukunyata. Ya ce ƙwararre daga ciki yake like ƙofa, ya shiga ya rufe, ya shafe ƙofofin nan huɗu tas. Da ya gama ya taɓa marfi, marfi ya ce bai san zancen ba. Tela, maƙwabcinmu, ya leƙo ta katanga da tef a wuya.

"Injiniya, ka tare ne? Da ka faɗa da mun kawo gara."

"Gwaji nake. In ni ban fita ba, ruwa ma ba zai shiga ba."

Ta taga muka miƙa masa abincin rana. Ta taga kuma ya fito, kai a ƙasa.

Babi na biyar ya ce ganguna fanko a kowane gefe. Ya samo durom shida ya ɗaure da waya, uku nan uku can. Mota ta yi faɗi kamar kaza mai kwanci. Auta ta ɗauko zarenta ta auna motar, ta je ta auna ƙofar gida, ta dawo.

"Baffa, ba za ta fita ba. Saura taƙi uku."

"Ƙofar ce ta yi kuskure," in ji shi. Ya ɗauko guduma. Nan ginshiƙina ya tafi.

Babi na shida filafilan jirgi ne, wato babban zanen da iska ke turawa. Na dawo daga kasuwa na tarar ɗakina haske fayau, labulena mai furanni yana kan keken tela.

"Shi ya ce kin yarda," in ji tela. "Shekarata talatin ina ɗinki, ban taɓa yi wa mota riga ba. In sa mata aljihu?"

Babi na bakwai, kafinta yana da tsuntsu da ke shaida masa in an kusa tudu. Injiniya ya ari zakaran tela. Auta ta ce, "Baffa, hayin ai ana hango shi daga nan bakin." Ya ce zakara shaida ne na biyu. Babi na takwas, a zuba duwatsu a ƙasan jirgi don kada ya yi tangaɗi. Ya kwashe ɓaraguzan ginshiƙina ya loda inda burodi ke zama, yana cewa, "Kin gani, Yaya? A hannun mai ilimi ba abin da ke ɓacewa."

A babi na tara kafinta ya tura jirginsa ruwa, mutanen gari suna tafi, matarsa tana kuka don murna. Injiniya ya miƙe ya rufe littafin a hannun yarinyar.

"Ya isa. Gobe da safe."

"Saura babi ɗaya, Baffa."

"Babin ƙarshe godiya ce ga masu buga littafi. Kowa ya sani."

"Na leƙa shi. Jirgin kifewa ya yi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," na ce.

"Marubucin ne ya ji hassada," in ji Injiniya. "Kuma kafintan nan ba shi da ni."

Da ya tafi, Auta ta biyo ni ɗakin girki da littafin a buɗe. "Umma, ko hoton ki duba." Na goge hannu na karɓa kamar yadda na ga malamai suna yi, na nesanta shi da ido. Ga jirgi nan zaune daram, baki sama. Mutanen ne dai suke maƙale a ƙasansa, kawunansu na lilo.

"To me ya samu jirgin? Lafiyarsa ƙalau. Waɗannan gyara suke yi masa ta ƙasa."

"Umma, kin juya littafin ne."

"Ni na haife ki, ko ke kika haife ni?"

Ta karɓi littafin ta sa a leda, ta sa ledar a wata leda, ta ɗaure. Sannan ta ce tana roƙon abu ɗaya, a bar ta ta zauna gaba da taswirarta. Na ce wannan kyauta ne, na ba ta.

Da safe unguwa ta fito kamar ana rabon gado. Ni da ban taɓa ɗaga ƙafa sama da dokin ƙofa a gaban maza ba, sai ga ni kan turmi, matar tela na tura ni ta taga. Aka ba tayoyin iska, amma injin ya ƙi tashi sai da mutum takwas suka tura. Da ya tashi kuwa, hayaƙin shekara huɗu ya fito lokaci ɗaya, wanki uku na maƙwabta ya koma baƙi.

Tafiyar minti ashirin ta ɗauke mu awa biyu. Duromai suna ƙara kamar ana faɗa a maƙera. Sandar filafilan ta kamo igiyar shanya ta wani gida, muka tafi da wando biyu da zanen gado, mai su na bin mu da gudu. Iska ta cika labulena ta gaba, motar ta koma da baya har gidan mai. Injiniya ya leƙa ta taga ya ce wa masu kallo, "Haka jirgi ke yi, dabara ce." Zakara yana ɗaure a kan madubi, duk ramin da muka faɗa sai ya yi cara.

"Ya ga tudu," in ji Injiniya.

"A kan tudun muke, Baffa."

"To ka ji. Yana aiki."

Na waiwaya sai na ga mai gwangwan yana biye da mu a kekensa, a hankali, kamar ungulu da ta ga jaki na ɗingishi.

Ranar kasuwa ce a bakin tafki. Jirgi cike da fasinja, mai fito yana kan kujerarsa da jakar kuɗi a cinya. Injiniya ya fita ta taga ya hau kan bonet, ya gyara rigarsa.

"Jama'a, daga yau zamanin jirgin fito ya wuce. Wanda ke da mota yana da jirgi, bai sani ba ne. Masu son a mayar musu da tasu su rubuta suna wajen tela."

Mai fito ya dube ni ta gilashi. "Maman Auta, kin iya ruwa?"

"Ka iya neman wata sana'a?" na ce.

Injiniya ya dawo mazauninsa ya nufi dama, inda ruwan ya yi baƙi-ƙirin. Auta ta buɗe taswira.

"Baffa, hagu. Dama gaba huɗu ne zurfinsa, hagu akwai tudun yashi."

"Ba a koya wa kyaftin tuƙi."

Ta dube ni, ta dube shi. Sai ta ce a hankali, "A littafin, kafinta hagu ya bi."

"To me ya hana ki faɗa tun ɗazu?" Ya murɗa sitiyari hagu.

Kuma ta hau. Wannan ba zan hana shi ba, motar nan ta hau ruwa. Tayoyi suka saki ƙasa, muka yi lilo, labulena ya kumbura, bakin tafki ya yi tsit. Na fito da hannu na ɗaga wa mai fito, a hankali, yatsa-yatsa. Numfashi goma na yi a duniyar nan wanda ba zan sayar ba ko nawa aka taya.

A na goma sha ɗaya na ji ƙara, bul, bul, bul, daga hagu. Sai daga dama.

"Baffa," in ji Auta, "ina murafen duromai?"

"Na cire. Nauyi ne na banza."

Daga bakin ruwa mai gwangwan ya ɗaga wata 'yar jaka ya girgiza ta, ta yi ƙara. "Ni ya sayar wa, Maman Auta. Duk shida."

Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin tabarmar ƙafa, inda Injiniya bai taɓa dubawa ba. Ya kamo idon sawu, ya kamo gwiwa. Ɓaraguzan ginshiƙina suka yi aikin da aka ɗauke su, suka ja mu ƙasa. Motar ta yi ajiyar zuciya ta zauna a kan yashi, ruwa daidai bakin taga.

"Ba nitsewa muka yi ba," in ji Injiniya. "Zango muka yada."

Auta ta fara fita, ta hau rufin da ledarta a baki. Ni na biyo ta, takalmina ɗaya ya zaɓi zama a ciki. Injiniya ya zo fita, kwaltar da rana ta narkar ta kama bayan rigarsa. Ya ja, ta ja. Daga ƙarshe ya fito ya bar injiniyancin manne a taga, ya hau rufi da singileti da gajeren wando mai zanen taurari. Zakara ya dube shi ya yi cara.

Dariyar da aka yi a bakin tafkin nan, ina jin har mahaifiyata ta ji ta a hayi. Tela, da ya biyo mu don zakaransa, ya ɗaga murya ya ce, "Auta, yaya labarin ya ƙare ne?"

Ta dube ni. Na ce, "Karanta. A wannan karon har bango."

Ta kwance leda biyu, littafi a bushe. Ta miƙe tsaye a kan rufin motar ubanta ta karanta babi na goma da muryar da take yi a makaranta. Kafinta ya manta bai toshe gangunansa ba. Jama'a suka dubi Injiniya. Duwatsun da ya loda su suka ja jirgin. Jama'a suka sake dubansa. 'Yar kafinta ta gaya masa tun a gida, ya ce yaro bai san ruwa ba. A nan ni na dubi ƙafata mara takalmi.

"Kun ji ko?" in ji Injiniya. "Daidai da littafin, babi-babi, ba kuskure ko ɗaya. Wa zai iya haka in ba ƙwararre ba?"

Mai gwangwan ya naɗe wando ya shigo ruwa har cinya. Ya ƙwanƙwasa motar da maƙullinsa.

"Dubu talatin. Ke za ki fito da ita."

"Albarka."

"Maman Auta, a cikin ruwa take fa."

"Wanka take."

Zuciyata kuwa ta yi nauyi kamar duromai. Shekara huɗu ina riƙe da ita, ga shi na kawo ta da hannuna na jiƙa. Sai Auta ta ja gefen zanena, ta nuna mini wani wuri a taswirarta da ta yi wa jan gicciye.

"Umma," ta ce a kunnena, "nan ne daidai inda jirgin mai fito ke maƙalewa in ruwa ya ja baya. Wata biyar fasinja na tafiya cikin laka kafin su hau. Bayan motar nan kuma zurfi ne. In ya shimfiɗa katako daga baki zuwa rufin nan, ya samu matakala."

Na ɗaga kai. Mai fito ya bar dariya tuntuni. Yana tsaye yana auna tsakanin motar da bakin ruwa da ido, leɓensa na motsi. Na san wannan fuskar. Fuskar mai saye ce da ke son ya nuna ba ya so.

Na gyara ɗaurin zane, na zauna a rufin na harɗe ƙafa.

Ya turo jirginsa kusa. "Ku hau in fitar da ku. Kyauta, don zumunci."

"Na yi rantsuwa. Nan ma da iska."

"To wannan ƙarfen, ya tare mini hanya. Don in rage miki wahala, dubu arba'in."

"Arba'in da biyar," in ji mai gwangwan.

"Kai ƙarfe kake taya," na ce masa, "shi matakala yake taya. Ku daina haɗa kanku. Dubu ɗari biyu."

"Mota a ruwa?" in ji mai fito.

"Ka je ka tambayi magina nawa za su kafa maka ginshiƙi a tsakiyar tafki. Ni na kawo maka har gida, na dasa maka, har da duwatsu a ciki."

"Ni na dasa," in ji Injiniya.

"Kai rufe bakinka, ka riƙe zakara."

Muka ja har rana ta take. Mai fito ya ce sittin, na kalli sama. Ya ce saba'in, na tambayi Auta ko akwai wani littafin a jakarta. Fasinjojinsa suka fara ƙorafi, wata mai kwandon ƙwai ta ce, "Ka biya ta mu tafi, matar nan za ta kwana a nan." Ya ce a haɗa masa da taswirar yarinyar. Na ce taswira ba tawa ba ce, mai ita tana nan, kuma ta fi ni tsada.

Na shafa rufin motar. Ya yi zafi, kuma ko a cikin ruwan, sai da na ji ɗan warin burodi.

"To ji," na ce. "Sitiyarin nawa ne, a kwance mini shi yau, hannun marigayi ya ci wurin. Ni da 'yata za mu riƙa hawa jirginka ba ko sisi, kujerar gaba, muddin motar nan tana ƙarƙashin ƙafar fasinjanka. Kyauta ai saukowa ce, rantsuwata ta fita. Wannan mai taurarin kuma, kada ka bari ya taɓa ko ƙusa ɗaya a aikin."

"Na yarda. Kuɗin fa?"

"Dubu casa'in da biyar."

"Casa'in."

"Da biyar ɗin. Na takalmi ne."

Ya dubi fasinjojinsa, ya dubi laka, ya buɗe jaka.

"Dubu casa'in da biyar," na ce. "Na sallama."